Masu Dashen da Kyamara Ta Tsallake

A ɗakin karatu na makarantar kwanan da na yi, can arewacin tsohuwar Jihar Kano, akwai wani akwatin katako da ake zuba littattafan da bangonsu ya cire. A cikinsa na tsinci Dune na Frank Herbert, wajen 1986. Turancinsa ya yi mini nauyi a babin farko, don haka na riƙa gudu zuwa ƙarshen littafin, inda marubucin ya jera baƙin kalmomin labarinsa da bayaninsu. A nan na ci karo da abin da ban taɓa gani a littafin Bature ba: Mahadi, jihadi, hajji, Ramadan, shari'a. Labarin wata duniya ne mai nisan gaske, bayan dubban shekaru masu zuwa, amma mutanen cikinsa suna rufe fuska saboda rairayi, suna ƙirga ruwa da ɗigo, suna jiran wani da aka yi musu alkawarin zuwansa.

Ga wanda bai karanta ba, ga ƙashin bayan labarin. Arrakis duniya ce da babu komai cikinta sai hamada, mutanenta ba su san ruwan sama ba. Amma a rairayinta ne kaɗai ake samun wani yaji mai tsawaita rai, wanda in babu shi matuƙan jiragen da ke ratsa taurari ba za su ga hanya ba. Sarkin sarakuna ya karɓe Arrakis daga gidan Harkonnen ya danƙa wa gidan Atreides, kuma tarko ne ya ɗana. Aka ci amanar Leto, uban gidan, ya rasa ransa. Ɗansa Paul, mai shekara 15, ya tsere cikin hamada da mahaifiyarsa Jessica, suka faɗa hannun Fremen, 'yan ƙasa, masu hawan wasu tsutsotsin rairayi da tsawon ɗaya kan kai mita 400. Fremen suka ga alamun wanda suke jira a jikin yaron. Ya hau kan wannan imani nasu, ya ƙwace gadon sarkin sarakuna.

Ni ba yaƙin ne ya riƙe ni ba, ruwan ne. A farin 1984 rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da aka ƙulla igiya a kan igiya. Mukan je tun kafin asuba mu jera tuluna, a zura guga a jira ruwa ya tsattsafo, in ya fito rabinsa laka, a kai gida a bar shi ya kwanta kafin a tsiyaye na sama. Wanda aka wanke tsaba da shi na awaki ne. Wanda aka yi alwala da shi a tare a kasko, a zuba a gindin bishiya. Saboda haka da na karanta cewa a ƙofar gidan mulki na birnin Arrakeen akwai dabino 20, kowanne yana shan lita 40 a yini, alhali lita 8 ke riƙe mutum ɗaya, kuma talakawa in sun zo wucewa sukan dube su su lissafa rayukan mutum 100, ban ji ina karanta almara ba. Na san irin wannan kallon, na gan shi a idon mata a bakin rijiya.

Haka kuma walimar da Leto ya shirya wa manyan gari. Al'adar da ya tarar ita ce baƙi su wanke hannu, su watsar da ruwa a ƙasa, su jefa tawul a kai, daga baya a matse tawul ɗin a sayar wa mabarata a bakin ƙofa. Leto ya soke wannan, ya ce duk mabaracin da ya zo a ba shi kofi cike. A teburin nan babu wanda ya zare wuƙa, amma kowace magana sara ce: ɗan kasuwar ruwa, wakilin banki, ɗan fasa-ƙwauri, kowa yana auna ɗan'uwansa. Ko da na girma na karanta littattafai masu yawa, ban cika samun babin da ya nuna yadda mulki ke zama a kan buƙatar talaka kamar wannan ba.

Da aka yi hutu na kai wa Kawuna labarin. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri tare da Buzaye har Bilma. Na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar salka da ya ƙi rabuwa da ita. Na ce, "Kawu, a littafin nan akwai mutanen da in ɗayansu ya mutu sai su tatse ruwan jikinsa su mayar cikin ma'ajiyar jama'a." Ya yi a'uziyya, ya ajiye basilla, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wanda ya rubuta wannan ya taɓa jin ƙishi ne, ko kuwa labari aka ba shi?" Na ba shi labarin shugaban Fremen, Stilgar, da ya shiga fadar Leto ya tofa yawu a kan tebur, fadawa suka zabura, sai aka bayyana musu cewa kyauta ce ya yi, ya ba da damshin jikinsa. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "To, wannan kam ya san abin da yake faɗa." Ya jawo amawalinsa ya rufe baki da hanci, ya ce ta nan ruwan mutum ke gudu, wanda ya bar nan a buɗe cikin Tenere ba ya kai rijiya ta gaba.

Amsar tambayar Kawu na same ta ne daga baya. Herbert ba mutumin hamada ba ne. An haife shi a 1920 a Tacoma, arewa maso yammacin Amurka, inda ruwan sama ya wadata. Ɗan jarida ne. A 1957 ya je garin Florence a Jihar Oregon don ya rubuta rahoto a kan tuddan rairayin bakin teku da ke cinye hanyoyi, da yadda Ma'aikatar Gona ta Amurka ke dasa wata ciyawa don ta ɗaure su. Rahoton bai fito ba, amma rairayin ya zauna a kansa. Ya shafe shekaru yana karanta labarin hamada da mutanenta da addinansu, har da littafin Lesley Blanch na 1960 a kan Imam Shamil, wanda ya jagoranci Musulmin tsaunukan Kaukasus wajen yaƙar Rasha. Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Analog daga 1963. Kamfanonin ɗab'i fiye da 20 suka ƙi shi, sai Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya buga shi a 1965. Ya ci kyautar Nebula ta farko, ya kuma raba ta Hugo da wani littafin.

Wannan asali yana da muhimmanci, domin daga dashen ciyawa littafin ya tsiro, kuma dashen yana nan a tsakiyarsa. Fremen ba fata ɗaya suke riƙe da ita ba, biyu ce. Akwai ta jiran wanda zai zo ya cece su, wadda Herbert ya nuna cewa wata ƙungiyar mata masu dogon shiri, Bene Gesserit, ita ta shuka tatsuniyarta tun da daɗewa don amfanin kanta. Akwai kuma wadda wani masanin ƙasa, Pardot Kynes, ya koya musu, ɗansa Liet ya gada: a kafa tarkon iska a kama damshi, a tara ruwa ɗigo-ɗigo a kogon dutse, a dasa ciyawa a bayan tudu inda iska ba ta bugu, a sa wa kowane tsiro ɗan abin tara raɓa a gindinsa. Aikin shekara 300 zuwa 500 ne. Wanda ya dasa ba zai gani ba, jikansa ma ba zai gani ba, kuma sun yarda da haka. A kogo ɗaya akwai ruwa fiye da lita miliyan 380, kuma mutum zai mutu da ƙishi a gefensa bai taɓa shi ba.

Wannan ma na san shi. A shekarun nan ne ake ta maganar kwararowar hamada, ana dasa layukan darbejiya a gefen gonaki. A makarantarmu kowane ɗalibi an ba shi dashe da gwangwani, bayan la'asar ka je ka ba naka ruwa, ka gyara shingen ƙayar da ke kare shi daga awaki. Mafi yawa sun mutu a bazarar farko. Muka sake dasawa.

Ɗaya fatar kuma mun ɗanɗani ɗacinta. Ƙasarmu ta daɗe da sanin jiran Mahadi, daga waɗanda suka yi hijira gabas zuwa Sudan har zuwa abin da ya faru a Satiru a 1906. Ni kuwa ina yaro a watan Disamba na 1980 lokacin da rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki cikin Kano, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Na ga waɗanda suka gudo garinmu a bayan motar kaya, wasu ba takalmi. Wutar ta sake tashi a Bulumkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Ba ina haɗa Fremen da mutanen nan ba ne, labarinsu daban. Amma yaron da ya ga haka ba ya karanta labarin wanda taron matalauta ke kiran sunansa ya ji daɗi kawai. Paul kansa yana hango jinin da za a zubar da sunansa, yana ƙoƙarin kauce masa, kuma kowane takunsa wajen yake kai shi. Liet-Kynes, da aka jefar da shi cikin rairayi ba rigar tare ruwa, yana jin muryar mahaifinsa marigayi tana yi masa darasin ƙasa har ya mutu, kuma cikin darasin akwai gargaɗin cewa babu bala'in da zai sami jama'arsa irin su faɗa hannun gwarzo. Abin da ya faru ke nan. Gwarzo ya zo, ya karɓe aikin ƙarni biyar ya mayar da shi runduna.

Da wannan ma'auni a zuciyata na tarbi finafinan, ɗaya bayan ɗaya, cikin kusan shekara 35.

Akwai ma wanda aka shirya bai fito ba. A tsakiyar shekarun 1970 Alejandro Jodorowsky ya tara Salvador Dalí da Orson Welles da Mick Jagger da masu zane irin su Moebius da Giger, don fim ɗin da zai wuce awa goma. Kuɗi suka ƙi samuwa. Bai yi niyyar bin littafin ba tun farko, don haka ban taɓa jin na yi rashinsa ba.

Na David Lynch, na 1984, na gan shi ne a Kano a farkon shekarun 1990, a ɗakin wani abokina, a kaset ɗin haya da ya sha kallo har hotonsa na rawa. Mun cika ɗakin. Abokaina sun saba da finafinan Indiya da na Sin, inda ba a minti goma ka san jarumi ka san mugu. Nan kuwa kowa yana magana a zuci cikin raɗa, sunaye suna ta zuba, sai aka mayar da ni tafinta. Ashe ko a Amurka sai da aka riƙa raba wa masu shiga silima takardar bayanin kalmomi.

Ba zan ƙi ba shi haƙƙinsa ba. Fitowar matuƙin jirgi cikin katafaren akwatin hayaƙinsa, da fadar sarkin sarakuna mai ruwan zinariya, da gwajin da tsohuwar malamar Bene Gesserit ta yi wa Paul, hannunsa cikin akwatin azaba da allurar guba a wuyansa, duk sun zauna a idona har yau. An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 40 a Meziko, kuma ana ganin kuɗin. Lynch ya so ya kai kusan awa uku, masu kuɗi suka datse shi zuwa minti 137, shi ya sa rabinsa na biyu ke gudu ba numfashi. Bai mayar da kuɗinsa ba. Da aka faɗaɗa shi don talabijin a 1988, Lynch ya cire sunansa, kuma har ya rasu a 2025 ba ya son a tayar masa da zancen.

Amma abin da ya ɓata mini rai ba datsewar ba ce. Fremen ɗinsa suna yawo cikin rana da baƙar rigar roba, kai a buɗe, baki a buɗe. Da Kawu ya gani da ya tashi ya fita. A littafin, ƙarfin Fremen daga ƙasarsu ya fito, wahala ce ta ƙera su har suka fi sojojin sarkin sarakuna. Lynch ya ƙirƙiro wata na'ura mai mayar da sauti makami, ya sa Paul ya kawo musu ita. Wato ba su da komai sai da ɗan sarki ya zo daga waje. Sannan ƙarshen: Paul ya ci yaƙi, ya tsaya, sama ta haɗa hadari, ruwa ya kece a Arrakis. Abokaina suka yi tafi. Ban zarge su ba, domin duk wanda ya taɓa fita roƙon ruwa jikinsa zai yi sanyi in ya ga haka. Amma a cikin dokar littafin ruwa guba ne ga tsutsa, in tsutsa ta mutu yaji ya ƙare. Mafi muni, ruwan nan ya gaskata tatsuniyar. Littafin ya ce a yi hattara da mutumin nan, fim ɗin ya ce ga shi, shi ne, ku durƙusa. Herbert, wanda ya yabi abubuwa da dama a fim ɗin, ya nuna rashin jin daɗinsa da wannan ƙarshe, da kuma yadda aka cire walimar. Ya rasu a watan Fabrairu na 1986.

Na biyu shi ne mai kashi uku da John Harrison ya yi wa tashar Sci-Fi a 2000, wanda ya iso mana a faifan CD bayan 'yan shekaru. In ana maganar bin littafi babi bayan babi, babu kamarsa. Ya wuce awa huɗu, ya dawo da walimar, ya bar Paul ya zauna shekaru cikin Fremen, ya haifi ɗansa, a kashe jaririn a harin sojojin sarki, ya bar ƙanwarsa Alia ta kashe Baron Harkonnen da hannunta. Na kalle shi ina gyaɗa kai, ina cewa haka ne, haka ne. Da ya ƙare kuwa ban ji komai a maƙogwarona ba. A cikin ɗakin ɗaukar hoto na birnin Prag aka yi hamadar, rairayi a gaba, hoton tuddai a bango. Vittorio Storaro ya haska shi da launuka masu kyau har ya ci kyautar Emmy, amma babu wanda leɓensa ya tsage, babu wanda ya runtse ido don rana. Hadda ce mai kyau da aka kawo ba kuskure, daga bakin wanda ba a yi wa tafsiri ba.

Daga nan na daɗe ina ganin littafin ba na kyamara ba ne. Rabinsa a cikin kawunan mutane yake faruwa: wannan ya faɗi magana, wancan ya auna ta, na uku ya gane abin da na biyu ya gane. An ce gani ya kori ji, amma akwai abin da ido ba ya kaiwa.

Sai Denis Villeneuve, ɗan Kanada, wanda ya karanta littafin tun yana ɗan yaro matashi kamar yadda na yi, ya raba shi biyu, 2021 da 2024. Ya je Wadi Rum a Jodan da hamadar Liwa a Abu Dabi, ya ɗauki rana ta gaske. A karon farko na ga Fremen da fuska a rufe, na ga tafiyar nan ta karkace da ake yi don kada tsutsa ta ji sawu, na ga jirage masu fukafukan mazari kamar yadda na zana su a bayan littafin lissafi. Stilgar ya tofa yawunsa a tebur. Dabinon nan 20 suna nan, da mai ba su ruwa cikin zafin rana, daga baya kuma muka gan su suna ci da wuta. Kashin farko ya ci kyautar Oscar shida, na biyu ya tara fiye da dala miliyan 700, kuma sun cancanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya gane cewa wani lokaci sai ka sauya labari kafin ka riƙe amanarsa. Jamis, Bafremen da Paul ya fara kashewa a faɗan gaba da gaba, Babs Olusanmokun ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Legas. Villeneuve ya sa Paul yana ganinsa a wahayi a matsayin aboki, yana koya masa zaman hamada cikin murya mai taushi. Da suka haɗu a zahiri, sai ya zama shi ne zai kashe. Wannan babu shi a littafi, amma ya faɗi abin da littafin ke nufi: kowane mataki na hawan Paul, wata rayuwa mai kyau da za ta yiwu ce ake yankawa. Haka ya yi da Chani. A littafin ita 'yar Liet-Kynes ce, mai hidimar addinin jama'arta, ta tsaya da Paul har ƙarshe, ta zauna a matsayin sa-ɗaka yayin da ya auri 'yar sarki don gadon mulki. A fim ɗin ta ƙi yarda da tatsuniyar tun farko, kuma ran da kowa ya durƙusa ita ta juya baya ta koma rairayi. Villeneuve ya ce ya yi haka ne domin Herbert ya ga masu karatu da yawa sun ɗauki Paul gwarzo, har ya rubuta Dune Messiah a 1969 don ya gyara fahimtarsu. Ta fuskar gargaɗin nan, babu fim ɗin da ya kai nasa gaskiya.

Kashi na biyu a silima na gan shi, a Abuja, tare da 'yata da ke jami'a. Da muka fito ta ce, "Baba, ai Chani ce kaɗai mai hankali a cikinsu." Na ce, "Uwata, nan ne inda fim ɗin ya cuce su."

Don ya fito da gargaɗinsa fili, Villeneuve ya raba Fremen gida biyu, rabon da babu shi a littafi: 'yan arewa masu shakka, da 'yan kudu masu tsattsauran ra'ayi. Duk mai imani a fim ɗin ruɗaɗɗe ne, duk mai hankali ba ya imani. Stilgar, wanda Javier Bardem ya fito a matsayinsa, duk abin da Paul ya yi sai ya zaro ido ya ce alama ce, kuma silimar ta riƙa fashewa da dariya. Ni abin ya sosa mini rai. Stilgar na littafi dattijo ne mai nauyi, wanda ya riƙe jama'arsa da rai a inda ba a rayuwa, mai auna kowace magana da ruwan da za ta ci. Sai can kusa da ƙarshe Paul ya dube shi ya ga ya sauya, shugaba ya koma mabiyi, kuma ya ji baƙin cikin cewa ya yi asarar aboki. Wannan raguwar ita ce abin tausayin. In ka nuna mutum a rage tun daga farko, babu abin da ya rage a yi masa kuka. Na san dattawa irin Stilgar, masu imani mai zurfi da hankali mai kaifi a ƙirji ɗaya, kuma irinsu ne in guguwa ta ɗebe su ake cewa gari ya ci.

Haka aka tsabtace bakinsu. Kalmar jihadi, wadda ke bin Paul a mafarkinsa daga farkon littafi zuwa ƙarshe, ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma harshen da aka ƙera wa Fremen an rage masa Larabci. Na fahimci tsoron, duniyar bayan 2001 ba ta 1965 ba ce. Amma Herbert bai aro waɗannan abubuwa don ado ba. Fremen ɗinsa zuriyar wasu masu addini ne da aka yi ta kora daga duniya zuwa duniya, suna tuna bautar da aka yi da su, suna tuna an hana su hajji. Fushinsu yana da tarihi. In ka cire tarihin ka bar rawani da rairayi, ka mayar da su kayan kallo.

Sannan jana'izar Jamis. A littafin an zauna da'ira cikin duhun kogo, kayansa a tsakiya, kowa ya tashi ya ambaci alherin da mamacin ya yi masa ya ɗauki abu ɗaya. Paul, wanda ya kashe shi, dole shi ma ya tashi. Ya ɗauki molon mamacin, hawaye suka zubo masa. Jama'a suka yi tsit, suka riƙa miƙo hannu suna taɓa kumatunsa, domin a wurinsu ba wa matacce ruwan ido kyauta ce da ta wuce misali. Aka auna ruwan Jamis, lita 33 da 'yan kai, aka ba Paul zobban da ke shaidarsa. Ya kuma gaji nauyin matar Jamis, Harah, da 'ya'yansa biyu, domin a dokarsu wanda ya yi kisa shi ke ɗaukar gidan da ya rushe. Duk wannan babu shi. A fim ɗin Jessica ce hawaye ya zubo wa, Stilgar ya share shi ya gargaɗe ta kada ta yi ɓarna ko don matattu. Dokar ta fito, amma abin da ke sa mutane su girmama wanda ya karya ta don ƙauna bai fito ba.

Dalilin duk wannan, ina ganin, lokaci ne. Abin da ya ɗauki fiye da shekara biyu a littafi, Villeneuve ya matse shi cikin watannin cikin Jessica, har fim ya ƙare ba ta haihu ba. Cikin 'yan watanni ana iya nuna hari da hawan tsutsa da huɗubar da ke tayar da taro. Ba a iya nuna yaran da ke zaune a aji cikin kogo suna haddace sunayen tsirrai, ko matan da ke ƙera abin tara raɓa ko da an ce gobe za a gudu, ko tudun da aka dasa bara aka dawo aka tarar ya tsaya. Liet-Kynes, wadda aka mayar mace, ta yi 'yan jimloli a kan mafarkin kore ƙasar, sai soja ya soke ta, ta kira tsutsa ta haɗiye su tare. Mutuwa ce mai kyan kallo, amma ta gwarzo ce, kuma mutumin da Herbert ya rubuta ya mutu ne yana sauraron darasi a kan ciyawa.

Lynch ya ɗaukaka gwarzon, Harrison ya bi sawunsa, Villeneuve ya tuhume shi, amma dukansu ukun a kansa suka kafa kyamara. Wanda bai karanta littafin ba zai fita daga silima yana ganin zaɓin Fremen biyu ne, ko su bi Paul ko su zauna a ƙarƙashin Harkonnen. Ba zai san suna da hanya ta uku ba, wadda suka riga suka kama da hannunsu, mai jinkiri, mai tabbas, ba ta buƙatar kowa ya sauko daga sama. Ita ce aka sace musu.

Villeneuve ya ce fim ɗinsa na uku a kan Dune Messiah zai ginu. Littafin nan ya buɗe ne bayan shekara 12 da hawan Paul, mutum biliyan 61 sun mutu da sunansa. A farkonsa akwai wani tsohon mayaƙi, Farok, zaune a gidansa na bayan gari da ɗansa da yaƙi ya makantar. Ya ce shi ba don Mahadi ya shiga runduna ba. An gaya masa akwai wani abu wai teku, ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ya kasa yarda, ya tafi ya gani da idonsa. A wata duniya mai nisa ya same shi, ya shiga ciki, ya sha, ɗacinsa ya sa shi rashin lafiya, ya fito yaƙin ya fita daga ransa. Fitowar ba za ta ci minti biyar ba, ba ta buƙatar ko tsutsa ɗaya, kuma ita zan fara nema ran da fim ɗin ya fito.